Makin jarrabawa da zaɓen jami'a a ƙasar waje: abin da ya kamata iyaye su sani

Kowace shekara, da zarar sakamakon Bak ya fito a farkon damina, magana ɗaya takan cika gidaje da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: yaro ya ci, maki ya yi kyau, to ina za shi? Daga nan sai a fara ambaton Faransa, Amurka, Turkiyya, Maroko ko Najeriya. Uwaye da ubanni da yawa ba su yi lakwal ba, amma su ne za su sayar da dabba ko su jinginar da gona domin tafiyar ta yiwu. Saboda haka ya dace su fahimci abin da maki yake nufi, da kuma iyakar abin da zai iya yi wa yaro.

Wata rana, bayan an tashi daga darasi a wata cibiyar yaƙi da jahilci a jihar Maraɗi, wata baiwar Allah mai sana'ar man gyaɗa ta tsaya ta miƙo mini takarda. Ta ce, «Malam, duba mini wannan. Ɗana ya ci Bak da maki 13. Wani mutum ya ce da wannan maki Kanada tabbas ce, in kawo jika 600 kafin ƙarshen wata.» Na ce, «Hajiya, zauna mu karanta tare, ai yanzu kin iya.» Muka bi takardar layi-layi. Babu sunan jami'a, babu sunan fannin karatu, babu adireshi, sai lambar waya kaɗai. Ta riga ta yi cinikin sa guda da take kiwo, saura karɓar kuɗi. Wannan bayani domin ita da ire-irenta aka shirya shi.

Mene ne maki?

Maki ma'auni ne, kamar tiya a kasuwar hatsi. Kowa ya san tiyar wani gari ba lallai ta yi daidai da ta wani gari ba. Haka makin jarrabawa yake: kowace ƙasa da irin ma'auninta.

A Nijar ana auna Bak bisa 20. Wanda ya samu 10 ya ci. Daga 12 ana rubuta masa «assez bien», daga 14 «bien», daga 16 kuma «très bien». Bayan jimillar maki, ana duba sashen da yaro ya bi, ko A, ko C, ko D, da abin da ya samu a kowane darasi. Mai son karatun likita za a duba ilimin halittu da kimiyya, mai son injiniya za a duba lissafi.

A Najeriya, hukumar JAMB ce ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Ana yin ta a kan kwamfuta, darussa huɗu ne, Ingilishi dole ne a cikinsu, kuma ana aunawa bisa 400.

A Amurka akwai jarrabawa biyu da suka shahara. Ta farko ita ce SAT, makinta daga 400 zuwa 1600, rabi na karatu da rubutun Ingilishi, rabi na lissafi. Ta biyu ita ce ACT, makinta daga 1 zuwa 36. Tun daga 2023 ɗaliban ƙasashen waje suke yin SAT a kan kwamfuta, cikin awa biyu da ƴan mintoci, kuma kuɗin zamanta ya haura dalar Amurka 100. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba.

Akwai kuma jarrabawar harshe. Yaron da ya yi karatunsa da Faransanci, idan yana son jami'ar da ke koyarwa da Ingilishi, yawanci za a nemi ya kawo shaidar TOEFL ko IELTS. Ana auna IELTS bisa 9, kuma jami'o'i da yawa suna neman 6 ko 6.5. Sakamakon waɗannan biyun shekara biyu kawai yake aiki, daga nan sai an sake.

Abin lura na farko ke nan: idan wani ya ce muku «makin ɗanku ya isa», ku tambaye shi, wane maki, bisa nawa, kuma ya isa a wace jami'a?

Me ya canja a ƴan shekarun nan?

A 2020, lokacin annobar korona, an rufe wuraren zaman jarrabawa a ƙasashe da yawa. Sai mafi yawan jami'o'in Amurka suka ce kawo makin SAT ba dole ba ne, wanda ya ga dama ya kawo. Jami'ar Kalifoniya ma ta daina duba shi gaba ɗaya. Labari ya bazu cewa an daina jarrabawar shiga jami'a a Amurka.

Ba a daɗe ba manyan jami'o'i suka fara komawa. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022. A 2024 Dartmouth, Yale, Brown da Harvard suka bi sahu. Dalilin da Dartmouth ta bayar abin tunani ne. Binciken da malamanta suka yi ya nuna cewa ƴaƴan talakawa da yawa suna ɓoye makinsu don suna ganin bai kai ba, alhali da sun nuna shi da ya taimake su, domin jami'ar tana duba maki tare da irin makarantar da yaro ya fito. Wanda ya samu 1400 daga makarantar da ba ta da kayan aiki ya nuna ƙoƙarin da ya fi na wanda ya samu irinsa a makarantar masu hali.

Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa dokar jami'a takan canja daga shekara zuwa shekara. Abin da maƙwabci ya sani lokacin da ɗansa ya tafi a 2021 mai yiwuwa ya daina aiki. Dole a karanta sharaɗin shekarar da ake ciki, daga bakin jami'ar kanta.

Najeriya ma ta ba mu wani darasi a 2025. Kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB, kuma fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai 200 ba. Iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba. A watan Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu kuskuren na'ura, ya nemi gafara. Kusan ɗalibai 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas aka ba damar sake zama. Ashe ma'auni ma yakan yi kuskure. Yaron da makinsa ya faɗi sau ɗaya bai kamata a yanke masa hukuncin rashin ƙwaƙwalwa ba.

Ƙaramin maki da makin da ake ɗauka da gaske

Nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Jami'o'i sukan faɗi mafi ƙarancin makin da za a iya neman shiga da shi. Wannan adadi izinin shiga layi ne kawai. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a a Najeriya. Amma mai 150 ba zai samu karatun likita ko shari'a a manyan jami'o'i irin su Bayero ta Kano, Ahmadu Bello ta Zariya ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ba, domin masu neman waɗannan fannoni sun yi yawa, gurabe kaɗan ne, kuma daga sama ake fara ɗauka. Bayan haka kowace jami'a tana da tata tantancewa.

A Amurka abin ya fi tsanani. A 2024 Harvard ta ɗauki ƙasa da mutum 4 cikin kowane 100 da suka nema. Mafi yawan waɗanda irin waɗannan jami'o'i suke ɗauka makinsu na SAT ya kai 1500 ko ya wuce, kuma duk da haka dubban masu irin wannan maki ba sa samu. Ana duba sakamakon shekarun lise, da wasiƙun malamai, da rubutun da yaro ya yi game da kansa.

Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ma haka yake. Mai neman digirin farko sai ya kasance yana da aƙalla 70 cikin 100, mai neman fannin lafiya kuma 90 cikin 100, kuma shekarunsa ba su kai 21 ba. Cika wannan sharaɗi bai sa a samu ba, domin ƴan ƙasashe fiye da ɗari ne suke nema a lokaci guda.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: waɗanda jami'ar nan ta ɗauka bara a wannan fanni, makinsu nawa ne? Jami'o'i da yawa suna buga wannan bayani a shafinsu na intanet. Idan makin yaro yana tsakiyarsu, akwai fata. Idan yana can ƙasa, kada a kashe kuɗi da yawa a kan wannan ƙofa.

Abubuwa huɗu da maki ba ya sayowa

Na farko, kuɗi. A 2019 Faransa ta ƙara kuɗin rajista ga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba: Yuro 2,770 a shekara ga digirin farko, Yuro 3,770 ga na biyu. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan digirin farko ya kama kimanin miliyan 1 da jika 817 a shekara. Jami'o'i da dama sun riƙa yafe wani ɓangare, amma ba hakkin kowa ba ne. A 2024 kuma, kafin a ba ɗalibi biza, sai ya nuna yana da Yuro 615 na ci da kwana a kowane wata, wato kimanin jika 403, kusan miliyan 5 a shekara. A manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu, karatu da kwana da abinci sun haura dalar Amurka 80,000 a shekara. Ƙalilan daga cikinsu, irin su Harvard, Yale, Princeton da MIT, suna ɗaukar nauyin ɗalibin waje mai ƙaramin ƙarfi idan sun karɓe shi, amma su ne mafi wuyar shiga. A kuma tuna, karatu shekara uku ne ko huɗu. Gonar da aka sayar domin shekarar farko ba za ta biya ta biyu ba.

Na biyu, biza. Takardar karɓa daga jami'a daban, izinin shiga ƙasa daban. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kuma a watan Janairu 2024 ta rufe ofishin jakadancinta. Ɗaliban da suka riga suka samu gurbi a wannan shekara da yawa sun rasa hanyar tafiya. A ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar shiga. Irin waɗannan matakai na siyasa ne, sukan zo kuma sukan canja ba tare da an duba makin kowa ba. Kafin a biya kuɗin jarrabawa ko na rajista, a fara sanin ko ƙasar tana ba ƴan Nijar bizar karatu a wannan lokaci, kuma a wane gari ake neman ta.

Na uku, zaman lafiya. Shekaru da yawa ƴaƴan Hausawa da sauran ƴan Afirka ta Yamma suna karatu a Khartum, musamman a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a ranar 15 ga Afrilu 2023, dubban ɗalibai suka bar ƙasar cikin wahala, wasu ko takardun makinsu ba su ɗauko ba. Haka ya faru da ɗaliban Afirka masu karatun likita a Yukiren a 2022. Iyaye su umarci yaro ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa a ƙarshen kowace shekara, ya aiko da kofinta gida.

Na huɗu, darajar takardar idan an dawo. A Janairu 2024 Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna cewa ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. Wannan mataki ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci akwai majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, kuma tana tantance digirorin jami'o'i. Digirin da aka samo daga waje sai hukuma ta daidaita shi da na gida kafin ya yi aiki a gwamnati. Makarantar da ke karɓar kowa ba tare da ta tambayi maki ba, in dai an biya, ita ce ta fi cancantar a yi bincike a kanta.

Yaya za a zaɓa?

Kada a rataya duk fata ga jami'a ɗaya. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta sunaye kashi uku. Kashi na farko, jami'a ɗaya ko biyu da suka ɗan fi ƙarfin makin yaro, ko za a dace. Kashi na biyu, biyu ko uku da makinsa ya yi daidai da na waɗanda suke ɗauka. Kashi na uku, aƙalla ɗaya da ake da tabbacin samu, kuma gida zai iya ɗaukar nauyinta ba tare da an sayar da abin da ake ci da shi ba.

Wannan ta ƙarshe sau da yawa a nan gida take. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, Jami'ar André Salifou a Damagaram, Jami'ar Djibo Hamani a Tawa, da Jami'ar Musulunci ta Say. Gaskiya ne akwai cunkoso, kuma shekarar karatu takan ja saboda matsaloli. Amma wanda ya yi digirin farko a gida da maki mai kyau yana iya neman tallafin digiri na biyu a waje, kuma a lokacin ya ƙara hankali, shekarun da za a ɗauki nauyinsa ma sun ragu. Yin rajista a gida ba ya hana neman waje. Rashin yin rajista a ko'ina shi ke sa yaro ya zauna shekara guda yana jira.

Game da tallafin gwamnati, hukumar ANAB ce ke kula da alawus da tallafin ɗalibai a Nijar. Guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya suke ba Nijar ta hannun hukumomin gwamnati suke bi, kuma ana sanar da su a fili. A irin waɗannan gurabe, matsayin da yaro ya samu a Bak da shekarunsa suna da nauyi sosai. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne, ta intanet ake yi, yawanci daga Janairu zuwa Fabrairu.

Lokaci ma abin kulawa ne. Manyan jami'o'in Amurka sukan rufe karɓar takardu tsakanin Nuwamba da Janairu, rajistar JAMB kuma a farkon shekara ake yi. Wanda ya jira sai Bak ta fito sannan ya fara tambaya ya riga ya makara da shekara guda. Shiri yana farawa tun yaro yana ajin ƙarshe na lise, ko kafin nan: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, fasfo, da sakamakon kowace shekara. A tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kan dukkan takardu, domin harafi ɗaya da ya bambanta yana iya tsayar da komai.

Wannan duka ya shafi ɗiya mace kamar yadda ya shafi ɗa namiji. Idan makinta ya fi na ɗan'uwanta, a yi mata lissafi iri ɗaya, a kuma ƙara binciken masauki da wanda za ta sani a garin.

Tambayoyi shida kafin a fitar da ko dala

1. Mene ne cikakken sunan jami'ar, a wane gari take, kuma wane fanni yaron zai karanta?
2. Wane maki waɗanda aka ɗauka bara suke da shi?
3. Nawa ne kuɗin dukkan shekarun, haɗe da kwana, abinci, magani da jirgi?
4. Ƙasar tana ba ƴan Nijar bizar karatu yanzu? A ina ake neman ta?
5. Hukumomin Nijar sun amince da digirin wannan jami'a?
6. Kuɗin da za a biya, a asusun jami'a za su shiga ko a hannun mutum? Za a ba da rasit?

Duk wanda ya ce muku gurbi tabbas ne, ko biza tabbas ce, ku yi hattara da shi. Ɗan tsakani ba shi ne ke ba da gurbi ba, ba shi ne ke ba da biza ba. Duk wanda ya ce ku gaggauta kafin gobe, ku ce masa za ku nuna wa shugaban lise ɗin da yaron ya gama, ko malamin cibiyarku. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Hajiyar da na ba ku labari ta kwafe waɗannan tambayoyi da hannunta a bayan littafin darasinta, ta kai wa mutumin. Ya kasa amsa ta farko, daga baya ma ya daina ɗaukar waya. Ta fasa sayar da santa. Yaron ya yi rajista a Maraɗi, yana kuma koyon Ingilishi da yamma, da niyyar neman tallafin digiri na biyu idan ya gama. Ko zai samu ko ba zai samu ba, bai rasa shekara ba, gidan kuma bai rasa jarinsa ba.

Domin tattaunawa a cibiya

A unguwarku ko ƙauyenku, akwai wanda ya tura yaro karatu waje? Me ya sayar, kuma shekara nawa kuɗin suka ɗauke shi? Ku ɗauki Yuro 615, ku ninka da 656, sannan ku ninka da wata 12. Ku kwatanta abin da ya fito da kuɗin buhun gero a kasuwarku ta wannan mako. A ƙarshe kowa ya kwafe tambayoyi shida na sama a littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani.